Wane Wata Ake Tafiya Gwanja? Yadda Damina Da Rani Suka Riƙa Yanke Wa Matafiya Hukunci



Zan fara da ba ku labarin wata kunya da na sha, domin ita ce silar wannan rubutu. Shekara biyu da suka wuce, ban jima da kammala difloma ba, na karanta wani gajeren labarina a zaman karatu na ƙungiyarmu ta marubuta. Labarin wani saurayi ne da ya bi ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, don ya tara kuɗin auren yarinyar da yake so. Saboda ina son in sa wa masu sauraro tausayi, sai na sa ayarin ya tashi ana tsakiyar marka. Ruwa na zuba, yarinya na tsaye a zaure tana kuka, jakuna na fita ta ƙofar gari ɗauke da kanwa. Da na gama aka tafa mini, har kaina ya fara kumbura. Sai wani dattijo da ke zaune can baya ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ɗana, kanwar nan da ka ɗora wa jakuna ana sheƙa ruwa, ita za su kai Gwanja ko ruwanta?"

Aka fashe da dariya. Na ce, "Baba, ai labari ne." Ya ce, "Na sani labari ne. Amma kakana ya bi hanyar nan, kuma da ya ji an ce madugu ya tayar da ayari da marka, zai ce mahaukaci ne ko mai gudun bashi. Ka koma ka tambayi wata kafin ka ɗaura wa jaki kaya."

Na koma gida raina a ɓace, amma na bi shawararsa. Abin da na samo shi ne zan kawo muku yau. Tambayar da mai shirin tafiya yake yi a zamaninmu kafin ya sayi tikiti, wato wane lokaci ya fi dacewa a je ƙasa kaza mai zafi da yawan ruwan sama, tsohuwar tambaya ce. Kakanninmu sun yi ta, Turawan da suka shigo yankinmu sun yi ta, kuma a lokacinsu wanda ya kuskure amsar yakan biya da dukiyarsa ko da ransa.

Ina ne Gwanja?

Gwanja tsohuwar masarauta ce a arewacin ƙasar Gana ta yau, amma a bakin fataken Hausa sunan ya zama na tafiyar gaba ɗaya. Babbar kasuwar da ake nufa ita ce Salaga. Goron kansa ba a Salaga yake fita ba, a kurmin Asante yake, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa. Sarakunan Asante ba su cika barin baƙin 'yan kasuwar arewa su shiga kurmi su saya da kansu ba, sai a ɗauko goron a ka a kawo shi Salaga, a nan ake haɗuwa. A ƙarni na 19 wannan ciniki ya kai ƙololuwarsa, kuma a ƙasar Kano akwai zuri'o'in da suka shahara da shi: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari.

Hanyar ta haura kilomita 1,000. Ayari kan bi ta yamma ya ƙetare Kogin Kwara a wajajen Yawuri ko Busa ko Ilo, ya shiga ƙasar Bargu ya bi ta Nikki da Jugu a Jamhuriyar Benin ta yau, wasu su bi ta Sansanin Mango a arewacin Togo, a sauka Yandi, sannan Salaga. Tafiya ce ta kusan wata uku, wani lokaci fiye, domin ana tsayawa cin kasuwa da biyan kuɗin hanya. Abin da ake kaiwa ya haɗa da kanwa, tufafin saƙi da rini, jar fata, gabu, duwatsun ado da dabbobi. Kada kuma mu ɓoye abin da ba daɗin faɗa, Salaga babbar kasuwar bayi ce, kuma mutane na cikin hajar da aka yi ta saye da sayarwa a wannan hanya.

Ayari yana da tsarinsa. Madugu shi ne shugaba, shi ke magana da sarakunan garuruwan da ake ratsawa. Jagaba shi ke gaba yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki yana kula da tara abin da za a biya da kuma bayan ayari. Amma babban hukuncin da ke wuyan madugu, wanda ke gaban duk waɗannan, shi ne ranar tashi.

Iskoki biyu

Kafin mu shiga lissafin madugu, bari mu fahimci abin da ke faruwa a sama. Yanayin Afirka ta Yamma iskoki biyu ne ke juya shi. Ɗaya busasshiya ce mai ƙura da ke tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ita ce ke kawo mana hunturu. Ɗayar mai laima ce da ke tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ita ke ɗauke da ruwa. Inda suka haɗu a nan ake hadari. Wannan mahaɗa tana hawa arewa daga wajen watan Maris, ta kai iyakarta a Agusta, sannan ta juya ta gangara kudu.

Daga nan abubuwa biyu suke fitowa. Na farko, ruwa yana riga sauka a kudu kuma yana jinkirin ɗaukewa. A Kano damina takan kankama daga ƙarshen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, marka a Agusta. A arewacin Gana, wajajen Tamale da Salaga, takan fara tun Afrilu ko Mayu ta kai Oktoba. Na biyu, tunda mahaɗar tana ratsa kudu sau biyu, da hawa da saukowa, kurmin Asante da bakin teku damina biyu suke yi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, da ɗan sararawa a Agusta. Wato lokacin da Kano ke cikin marka, Kumasi da Akra suna ɗan hutawa daga ruwa.

Madugu bai san sunan waɗannan iskoki a littafi ba, amma ya san aikinsu sarai. Ya san cewa ranin Gwanja ya fi na Kano gajarta, kuma idan ya yi nawa a Salaga, damina za ta taso daga bayansa ta riske shi a hanya.

Lissafin madugu

Dalilan da suka sa ayari ke jiran kaka suna da yawa, kuma kowanne ya isa shi kaɗai.

Akwai koguna. Tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja akwai rafuka da ƙoramu barkatai waɗanda da rani yaro ma zai tsallake, da damina kuwa sai su cika su tumbatsa, ayari ya zauna kwana da kwanaki a gaɓa yana cin guzuri. Kwara kam ko da rani sai da jirgin fito, domin kogin yana da wata ɗabi'a: bayan cikar da yake yi da ruwan damina, akwai wata cikar da ke isowa wajajen Yawuri cikin hunturu, ruwan da ya sauka tun damina a tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso. Saboda haka kuɗin fito ba makawa, amma fito ɗaya ko biyu ba daidai yake da fito ashirin ba.

Akwai dabbobi. Jaki da alfadari da takarkari su ne motocin ayari, kuma babban maƙiyinsu ƙudan tsando ne, mai sa musu sammore. Da damina ƙudan yakan bazu cikin daji, da rani kuwa sai ya takura a bakin rafuka da kurmi. Ga taɓo da ke karya ƙafar jaki mai kaya. Wannan ƙudan yana cikin dalilan da suka sa jakunan Hausa ke tsayawa a Salaga, goro kuma ya fito daga kurmi a kan mutane.

Akwai haja. Kanwa ba ta shiri da ruwa, kamar yadda dattijon nan ya tuna mini. Tufafi kan yi fumfuna, fata ta lalace.

Akwai abinci da mutane. Ayari mai ɗaruruwan baki ba ya ɗaukar abincin wata uku, a hanya yake saye. Da damina rumbuna sun yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, ƙauyuka ba su da rarar da za su sayar. Bayan kaka kuwa ko'ina akwai sabon hatsi. Sannan yawancin 'yan dako da ƙananan fatake manoma ne, ba mai barin gonarsa da shuka a tsaye. Wannan shi ne tushen cin rani da har yau muke yi.

Akwai tsaro. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, 'yan fashi su laɓe a gefen turba ba a gani. Da rani an ƙone daji, ido na kaiwa nesa. Ƙasar Bargu ta yi suna wajen tare ayari, don haka wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na ƙarshe kuma, goron kansa. Babban ɗibansa yana zuwa daga wajen Oktoba zuwa Disamba, saboda haka kasuwar Salaga da rani take cika. Wanda ya bar gida bayan kaka zai iso daidai lokacin da sabon goro ya wadata.

Akwai wata shaida mai kyau a kan lokacin dawowa. Baturen nan Hugh Clapperton, a tafiyarsa ta biyu, ya haɗu da wani ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Bargu a watan Maris na 1826, suna dawowa daga Gwanja, mutum sama da dubu, maza da mata, da dabbobinsu. Ku duba watan. Maris ne, sun riga sun ci rabin hanya, suna sauri su ƙetare Kwara su isa gida kafin ruwa ya zauna.

Rani ma yana karɓar nasa

Kada wani ya ɗauka rani alheri ne zalla. Goro ɗanyen abu ne, kuma hunturun da ke busar da hanya shi ne ke busar da shi. Shi ya sa ake naɗe shi cikin ganyen fita, a ɗaure a huhu ko a zuba a waga, kuma a hanya dole a riƙa kwancewa ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ya shafi sauran. Farke yana iya hana kansa ruwa ya ba goronsa. To ga shi lokacin da goro ya fi bukatar ruwa shi ne lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa.

Salaga kanta ta sha fama da wannan. Garin ya yi suna da yawan rijiyoyi, har ana yi masa laƙabi da gari mai rijiya dubu, kuma abin da ya sa aka haƙa su shi ne baƙi suna cika garin daidai lokacin da ruwa ya fi ƙaranci. Shan ruwan tafki da kududdufi kuma shi ke kawo kurkunu. Ga zafin bazara a hanyar dawowa, ga shi rani shi ne lokacin yaƙi, domin sarakuna ma sai an gama aikin gona, hanya ta bushe, suke fitar da dawakai.

Saboda haka madugu yana auna wahala biyu ne ya ɗauki mai sauƙi. Idan kuma lissafi ya ƙwace, ciniki ya ja, ko rikici ya rufe hanya, mai hankali ba ya gardama da damina. Sai ya sauke kaya a Salaga ko Yandi ko Jugu ya zauna har ruwa ya ɗauke. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Wasu a irin wannan zama suka yi aure, suka buɗe makarantar allo, suka zama masu masaukin baƙi, ba su sake komawa ba. Kalmar zango, wurin da ayari ke yada kaya, ita ce yau sunan unguwannin Musulmi a biranen Gana, inda Hausa ke cikin manyan harsunan da ake ji a kasuwa da masallaci.

Turawan da suka yi gardama da damina

Abin da fatake suka sani tun kaka da kakanni, Turawa da gawa suka koye shi.

Misali mafi muni shi ne na Mungo Park. A 1805, a tafiyarsa ta biyu, gwamnatin Ingila ta aiko shi ya bi Kwara har ya ga inda ta faɗa. An yi ta jan ƙafa wajen shiri, har ya zama bai bar Gambiya ba sai gab da faɗuwar damina, da Turawa sama da 40, yawancinsu sojoji, da jakunan kaya. Ya san ruwa na tafe, amma ya ƙi jira. A watan Yuni damina ta riske su a daji. Zazzaɓi da atuni suka shiga cikinsu, jakuna suka yi ta mutuwa, ana barin marasa lafiya a ƙauyuka. Da suka hango Kwara a wajen Bamako cikin Agusta, Turawa 11 ne suka rage. Lokacin da jirginsu ya tashi daga Sansanding a Nuwamba, saura biyar. Waɗannan ma ba wanda ya koma gida, Park da ragowar mutanensa a Busa suka halaka, kusa da mashigin da fataken goro ke ƙetarewa. Tsohuwar Busa yanzu tana ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji.

A 1841 aka sake wani yunƙurin, wannan karon ta teku, da jiragen ruwa masu tururi guda uku. A nan matsalar ta juye. Jirgi mai nauyi ba ya iya hawa Kwara sai ruwa ya cika, ruwa kuma ba ya cika sai da damina. Dole suka shiga kogin a watan Agusta, lokacin da sauro ya fi yawa. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya kwantar da mafi yawansu, Turawa sama da 40 suka mutu, aka janye. A lokacin ba su san sauro ke kawo cutar ba, gurɓatacciyar iskar fadama suke zargi, sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro. Mu marubuta muna da alaƙa da wannan tafiya, domin a cikinta akwai Samuel Ajayi Crowther da wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya tsira ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, ɗaya daga cikin na farko da aka rubuta harshenmu da boko.

A 1854 sai abu ya sauya. William Baikie ya shiga Kwara da Binuwai da jirgi guda, shi ma da damina, amma ya sa Turawan da ke tare da shi suna shan kwinin kullum tun kafin su kamu. Suka yi wata huɗu suka fito ba wanda ya mutu. Daga nan damina ta fara rasa ƙarfinta na katangar da ke tsare cikin ƙasa daga baƙi.

Duk da haka ba su daina tsoronta ba. Lokacin da Ingila ta yaƙi Asante, kwamandansu Garnet Wolseley ya iso bakin teku a Oktoban 1873, ya yi watanni yana gyara hanya da gina gada a kan Kogin Pra, bai shigar da sojojin Turawa daji ba sai Janairu, tsakiyar rani. Ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairun 1874, ya ƙone garin, ya juya bayan kwana biyu, domin hadari ya fara sauka kuma yana tsoron koguna su cika su datse masa hanya. A wani ɓangaren wannan yaƙi akwai sojojin Hausa ƙarƙashin John Glover, da suka bi ta gabas. Wolseley lissafin madugu ya yi: shiga da rani, fita kafin ruwa.

Yadda lissafin ya rushe

Yaƙin 1874 ya taɓa fatake kai tsaye. Asante ta yi rauni, Salaga ta fita daga hannunta, goro ya daina zuwa yadda aka saba, ciniki ya koma wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, 'yan kasuwa da malamai suka watse. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malami kuma marubuci haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934.

Abin da ya ƙarasa hanyar ƙasa shi ne jirgi. Aka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, kuma da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar wata uku ta koma ta kwanaki. Alhassan Dantata, wanda ya fito daga zuri'ar Agalawa ta Bebeji, yana cikin waɗanda suka ga wannan sauyi da wuri suka bi hanyar teku, kafin ya shiga cinikin gyaɗa. Daga baya kuma aka yawaita dasa irin goron Gwanja a ƙasar Yarbawa, har Shagamu ta zama sunan da mai goro ke ambata. Jirgin ƙasa ba ya tsoron ƙudan tsando, ba ya jiran kogi ya janye. Ilimin da madugu ke taƙama da shi ya rage daraja a kasuwa, ya koma labarin tsofaffi.

To yau fa, wane wata za a je Gana?

Iskokin nan biyu ba su daina aikinsu ba, saboda haka tambayar tana nan, sai dai amsar ta danganta da inda za ka da abin da ya kai ka.

Idan arewa ka nufa, Tamale, Yandi, Salaga, tsohon masallacin Larabanga ko gandun dajin Mole, lokacin fatake har yau shi ne lokaci: Nuwamba zuwa Fabrairu. Hanyoyin ƙasa sun bushe, sauro ya ragu, dare da sanyi. A Mole kuma da rani ne giwaye ke taruwa a bakin tafki a gan su cikin sauƙi, da damina ciyawa na rufe komai. Ka dai shirya wa ƙura. Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani, kuma lokacin sanƙarau ne kamar yadda muka sani a nan gida.

Idan kudu ne, Kumasi da Akra da Kef Kos, ka kauce wa Mayu da Yuni in da hali, domin nan ne ƙarfin babbar damina. Ambaliyar da ta haɗu da gobarar gidan mai a Akra ranar 3 ga Yunin 2015, wadda ta ci rayuka sama da ɗari, a wannan lokaci ta faru. Disamba da Janairu babu ruwa sosai, amma masauki da tikiti kan yi tsada saboda baƙin ƙarshen shekara, musamman tun daga 2019 da ƙasar ta gayyaci baƙaƙen fata na ƙetare su zo ziyarar gida. Agusta kuwa, watan da na yi kuskure da shi a labarina, yana cikin lokuta masu daɗi a bakin teku: ruwa ya sarara, gari ya yi sanyi, kuma lokacin bikin Homowo ne na mutanen Ga. Sai dai mai bin mota daga arewacin Najeriya ya tuna cewa rabin hanyarsa tana cikin marka. Bikin Damba na Dagomba kuma watan Maulidi yake bi, don haka yana zagaya rani da damina. Ko wane wata ka zaɓa, katin rigakafin shawara dole ne a iyaka, gidan sauro kuma ba ya nauyi a jaka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya shafe mu marubuta

Da na koma kan labarina, na ɗauka sauya wata kawai zan yi. Ashe gyaran ya fi haka. Na sa ayari ya tashi bayan kaka, ana sussuka, sabuwar dawa ta cika kasuwa. Kukan yarinyar bai ragu ba don babu ruwan sama, sai ma ya samu dalili: ta san in bai dawo kafin shuka ba, to sai wata shekara, kuma iyayenta ba za su jira ba. A Salaga na sa goro ya yi tsada, saurayin ya tsaya jiran farashi ya sauka, madugu yana cewa a tashi, shi yana roƙon a ƙara kwana bakwai. Hadarin farko ya taso daga gabas suna Jugu. Daga nan labarin ya riƙa tafiya da ƙafarsa, domin kowane gajimare da ya gani barazana ce ga aurensa da jarinsa.

Yawancinmu muna ambaton yanayi ne don ado, mu sa ruwa in ana baƙin ciki, mu sa iska mai daɗi in masoya sun haɗu. Amma ga mutanen da muke rubutu a kansu, musamman na da, wata shi ke faɗin abin da za a ci, inda za a iya zuwa, cutar da ke gari, da ko akwai kuɗi a hannu. Kafin ka tayar da jarumin labarinka zuwa ko'ina, ka tambayi kanka abu huɗu: wane wata ne a inda ya tashi, wane yanayi zai tarar a inda za shi, da me zai yi tafiyar, kuma me zai rasa in ya makara. In akwai tsoho a gidanku da ya taɓa cin rani ko fatauci, ka zauna da shi tun yana nan.

Na kai wa dattijon nan gyararren labarin bayan wata biyu. Ya karanta a hankali, ya ninke takardar, ya ce, "Yanzu kam za su isa. Amma ɗana, ka manta ba ka shayar da goron ba tun daga Yandi." Na karɓa na koma na sake gyarawa.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya ɗauko labarinsa guda da ke da tafiya a ciki, ya gano watan da tafiyar ta faru, ya rubuta mana sakin layi ɗaya da zai nuna watan ba tare da ya ambaci sunansa ba. 'Yan uwanmu na Kumasi, Tamale da Akra, muna jiran ku faɗa mana yadda daminar bana ta zo muku.

Allah ya ƙara mana basira, ya jiƙan magabatanmu da suka bi waɗannan hanyoyi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.